Kududdufan Daura Amana Ne

Duk wanda ya san birnin Daura tun kafin bulo da kwano su yawaita, ya san cewa ganuwar da ta kewaye garin, da soraye da zaurukan cikinsa, daga ƙarƙashin ƙafafun mutanensa aka haƙo ƙasarsu, aka kwaɓa, aka yi tubali. Ramukan da suka saura kuwa su ne kududdufan da muka gada. Magabata, Allah Ya jiƙansu, da yake masu hikima ne, sai suka karkata kwatocin unguwanni zuwa waɗannan ramuka, domin idan ruwan Agusta ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya sami masauki, kada ya nemi ɗakin talaka.

Ba kowane rami ne ya yi wannan dace ba. A ƙasar Jos, inda kamfanonin Turawa suka daɗe suna haƙar kuza, har ta kai a 1942, bayan Japan ta ƙwace Malaya, aka riƙa kwasar talakawan Arewa ala tilas, abin da ake kira diban gwamna, ramukan da aka bari a Bukur da Barikin Ladi sun cika da ruwa mai zurfi, suna cin mutane da dabbobi har yau, alhali waɗanda suka kwashi dukiyar sun koma Ingila. Namu kuwa mu muka haƙa, mu yake yi wa hidima.

Abin takaici, yanzu kududdufi ya zama juji. In ya cika da shara sai a yanka shi filaye a sayar, mai saye ya kafa harsashi a inda ruwa ya saba kwana. Haƙiƙa kududdufi yana haifar da sauro, wani lokaci ma yaro ya nutse a ciki, amma maganin wannan shi ne yashewa da shinge. Ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, wadda ta halaka mutane fiye da 40, ta ishe mu wa'azi.

Malaman fiƙihu sun tabbatar wa rijiya da magudanar ruwa hurumi saboda maslahar al'umma. Don haka ina roƙon Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, da ƙaramar hukuma, su sa masu unguwanni su ƙidaya kududdufan da suka rage, a shata huruminsu, a haramta sayar da su kafin damina ta faɗi.