Lafiyar Iyali: Hannun da Wuta Ta Ƙona

Ga hunturu ya sake zagayowa. A Jega da Aliero da Maiyama, kowane gida ana hura wuta da asuba, yara kuwa suna matsawa kusa da murhu domin jin ɗumi. A wannan lokaci ne mai rarrafe yakan dafa garwashi, ko ya jawo tukunyar kunu a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙuna tana kashe mutum wajen 180,000 kowace shekara. Amma a wannan wata muna so mu yi magana a kan waɗanda suka rayu, hannunsu kuwa ya ƙandare.

Mun sani mutanen Aliero sun yi suna wajen ɗori, har daga ƙasashen maƙwabta ana kawo masu karaya. Saboda haka dukanmu mun saba da cewa gaɓa mai ciwo a ɗaure ta, kada ta motsa. Wannan gaskiya ce ga ƙashin da ya karye. Amma ƙuna dabam take. Sa'ad da gyambon ƙuna yake warkewa, tabon yakan yi kauri, ya tsuke, ya ja yatsu zuwa cikin tafin hannu. In an bar hannun a dunƙule, a dunƙule zai warke. Yaron zai girma bai iya riƙe fartanya a gonar albasa ba, balle alkalami a makaranta.

To, me za mu yi? Da fari, a sa hannun cikin ruwa mai tsabta mai sanyi, ko a riƙa kwarara masa, har minti 20. Kada a sa ƙanƙara. A cire zobe da awarwaro tun hannu bai kumbura ba. Kada a shafa ɗanyen ƙwai, ko man shanu, ko toka, ko man goge haƙori, gama suna kawo ruɓa. Kada a fasa bororon. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a raba yatsu kada su manne da juna, a ɗaga hannun sama, sa'an nan a tafi asibiti. Ƙunar hannu, ko ƙarama ce, ta isa likita ya duba.

Bayan gyambo ya rufe, aiki bai ƙare ba, yanzu ma ya soma. Tabon ƙuna yakan ɗauki shekara 1, har zuwa 2, kafin ya daina sākewa. Ma'aikatan gashi da motsa gaɓɓai za su koya wa uwa yadda za ta miƙar da yatsu, ta lanƙwasa su sau da yawa kowace rana, ta murza tabon da mai. Sukan ba da abin tallafe hannu na sawa da dare, da safar hannu mai matse tabo. Yaro zai yi kuka, uwa kuwa za ta ji tausayi ta so ta bari. Kada ki bari, uwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai kuma wata sabuwar dabara da ya kamata masu karatunmu su sani. A shekarar 1980 likitoci a birnin Munik na Jamus suka fara farfasa tsakuwar ƙoda da bugun sauti mai ƙarfi, ba tare da yanka ba. Daga baya aka rage ƙarfin bugun, aka gwada shi a kan jijiyoyi da tabo. Akan shafa wani mai a fata, a ɗora bakin na'urar, ta yi ta bugawa na 'yan mintoci, yawanci sau ɗaya a mako. Ana ganin bugun yana ƙara gudun jini a wurin, yana kuma sassauta tabon. A shekarar 2020 likitoci a Koriya ta Kudu suka ba da rahoto cewa masu tabon ƙuna a hannu da aka yi wa wannan na mako 4 sun sami sauƙin ciwo, hannunsu kuma ya ƙara aiki. Amma mu lura: an haɗa musu shi da motsa hannun ne, ba a madadinsa ba. Na'urar tana da tsada, ba kowane asibiti ke da ita ba, ba ta kuwa buɗe yatsun da suka riga suka manne.

In hannu ya riga ya ƙandare, kada a fid da zuciya, kada kuma a miƙar da shi da ƙarfi a gida. Likitocin fiɗa suna iya sakin tabon su dasa fata. Ana irin wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Ya ku iyaye, rigakafi ya fi magani. A kange murhu, a sauke tukunya nesa da mai rarrafe, kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai da kaskon wuta a ɗaki. In kuwa tsautsayi ya auku, ruwan sanyi da farko, asibiti na biye, sa'an nan haƙurin motsa yatsu kowace rana. Sai wata mai zuwa.