Fasali A Kan Bafaden Ma'aikata

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai ci da iyali da albashi, ka sani babu ma'aikatar da ta rasa bafade. Alamominsa uku ne. Ta farko, yana riga kowa gai da shugaba, alhali takardu sun yi ƙura a teburinsa. Ta biyu, in aiki ya yi kyau ya ce "na yi", in ya ɓaci ya ce "sun yi". Ta uku, yana dariya da kai da hantsi, kafin azahar maganarka ta isa kunnen shugaba, an ƙara mata gishiri.

Ba da shi nake jayayya ba, domin ya riga ya zaɓi sana'arsa. Jayayyata da masu ba ka shawara ce a kansa, su kuwa kashi biyu ne.

Kashi na farko suna cewa: zamani riga ne, kai ma koyi durƙuso, kai gaisuwa gidan shugaba, kai tsegumin wani kafin a kai naka. Wannan ɓata ce bayyananniya. Ita gaisuwar neman fada, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa ta a Kitabul Farƙi cikin miyagun al'adun masu mulkin zamaninsa, kuma ɗauke ta daga zaure zuwa ofis bai wanke ta ba. Tsegumi kuwa, dubi abin da ya haifa a 1975, sa'ad da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta sallami ma'aikata fiye da 10,000. Cikinsu akwai maciya amana da malalata, haƙiƙa. Amma akwai waɗanda takardar ƙarar abokin aiki mai hassada ta ci, ba a ko saurari bakinsu ba. In kasuwar tsegumi ta ci, dillalin safe shi ne hajar yamma.

Kashi na biyu suna cewa: yi shiru, mahaƙurci mawadaci. Haƙuri alheri ne, babu shakka. Sai dai mutum ya zuba ido ana yanka mutuncinsa, ana miƙa guminsa ga wani, ga 'ya'ya suna jiran abinci, wannan sakaci ne ya naɗa rawanin haƙuri.

To, ga tafarki tsakanin biyun.

Da fari, sa aikinka ya sami shaida. Abin da ka gama, rubuta shi, sa kwanan wata, sa hannu, ajiye kwafi. Bafade da baki yake farauta, ba ya son inda alƙalami ya bi.

Na biyu, tsare harshenka a gabansa. Kada ka kushe shugaba ko da wasa, domin kai ne za ka ba shi guzurin tafiya.

Na uku, same shi a keɓe sau ɗaya, ka ce masa: "Malam, abin da ka faɗa a kaina ya iso ni." Faɗa da sanyin murya, ba zagi. Mai saƙa a duhu ba ya son fitila.

Na huɗu, in ka shiga wurin shugaba, shiga da aikinka, kada ka shiga da sunan kowa. Kuma tun bayan rahoton Hukumar Udoji na 1974 aka bar rahoton asiri a aikin gwamnati, ma'aikaci yana ganin abin da aka rubuta a kansa na shekara. Karanta shi kafin ka sa hannu. In ka ga ƙazafi, amsa shi a rubuce, da ladabi.

Ba zan ruɗe ka ba: yana yiwuwa ya riga ka samun ƙarin girma. In haka ta faru, kada hassada ta mayar da kai irinsa. Wanda ya jingina da mutum ɗaya, ranar da aka yi wa mutumin canjin wuri sai ya wayi gari yana neman sabuwar ƙofar durƙuso. Mai sanin aiki kuwa, kowane shugaba ya zo zai neme shi.

In kuma wata rana kai ne bisa kujerar, tuna da wannan: wanda ya kawo maka maganar wani, shi zai kai taka. Kira wanda aka ambata, ka haɗa su gaba da gaba. Sau biyu ka yi haka, ƙofarka ta huta.

Allah ya tsare mu da harshe biyu da kunne ɗaya. Tammat.