RUWA YA SHIGA ƊAKIN AMARYA

Na san kuna jiran hirar soyayya da kwalliya kamar kullum, to ku yi mini afuwa, yau damina ce ta karɓe alƙalamin. Abin da na gani da idona a ɗakin wata ƙawata shi ya hana ni yin shiru.

Ƙawar tawa amarya ce, watanta biyar da tarewa. Ɗaki kuwa sai wanda ya gani. Kafet bango da bango, gado da sif na yayi, jeren tangaran, ga akwatunan lefe a gefe ko rabin kayan ba ta ɗinka ba. Sai da mahaifinta ya sayar da gona kafin a yi mata wannan jere. Wani dare cikin watan Agusta aka tsuge da ruwa tun bayan isha'i har gab da asuba. Kwatar layinsu ta toshe da ledoji, ruwa ya rasa hanya ya biyo ta zaure, ya cika tsakar gida, ya tsallake dokin ƙofa ya shige mata ɗaki. Bai wuce idon sawu ba. Kafin hantsi ta kwashe shi tas da bokiti da tsumma.

Idan aka ce ambaliya, hankalinmu kan tafi ga fashewar madatsar Bagauda a 1988 da iyayenmu na Kano suke ba mu labari, ko ta Alau da ta cinye unguwannin Maiduguri a watan Satumban 2024. Waɗannan sun fi ƙarfin bokiti. Amma ruwan da yake cinye kayan yawancinmu irin na ƙawata ne, ɗan idon sawu, wanda muke rainawa.

Kin san me ta yi? Ta goge saman kafet, ta fesa turare, ta kunna na wuta, ta ja ƙofa da taga ta rufe ruf. Wai ranar dangin miji za su zo mata wuni, ga ɗakin uwargida yana kallon nata, ba za ta baje kayanta a tsakar gida kamar ana gwanjo ba, a samu na faɗa.

Bayan sati biyu na kai mata ziyara. Ko zama ban yi ba na ce, "Ƙawata, me ya mutu a ɗakin nan?"

Ta ce, "Ke dai bari. Kullum cikin turare nake, abin sai gaba yake yi. Ga tari ya hana ni barci."

Muka kama gefen kafet muka ɗaga. Wallahi ƙasansa baƙi ƙirin, har wani yauƙi yake. Gindin sif ya kumbura ya bubbuɗe, domin yawancin kayan nan masu ƙyalli garin katako ne aka matse da gam, idan ya sha ruwa ba ya komawa. Da muka buɗe akwatin da ke ƙasa kuwa, nan ta zauna daɓas ta fashe da kuka. Rinin wata jar atamfa ya zuba a kan farar shadda, leshinta mai tsada duk fumfuna ta yi masa zane.

'Yar uwa, ga abin da ba a gaya mana. Fumfuna awa 24 zuwa 48 kawai take bukata ta kama kaya mai danshi. Wato kwana biyun farko su ne naki, bayansu sai dai ki ceci abin da ya saura. Turare kuma ba ya busar da komai, warin kawai yake dannewa. Abin da ɗaki ke so iska ne. A buɗe ƙofa da tagogi, a fitar da kafet gaba ɗayansa a shanya shi a kife, a janye gado da sif daga jikin bango, a buɗe kowane akwati ko da samansa a bushe yake. Tufafin da suka jiƙe a raba su nan take, mai rini daban, fari daban, a ɗauraye a shanya. Wadda za ta yi miki dariya don ta ga katifarki a rana, ita ma damina ba ta ƙare mata ba.

Sai dai kafin duk wannan, akwai abin da ya fi kaya. Da kin farka kika ji ruwa a ɗaki, kada ki diro daga gado da sauri. Dubi inda kika bar igiyar soket ɗin nan da muke yasarwa a ƙasa, wadda aka jona wa fanka da cajar waya. Kada ki ce ai an ɗauke wuta, don ba ta sallama idan za ta dawo. A kashe wutar gidan daga babban makunni, kuma mai kashewar ya zama a busasshen wuri yake tsaye, hannunsa a bushe. Idan wurin makunnin ma a cikin ruwa yake, a bar shi, a fita, a nemo mai gyaran wuta. Talabijin, firji ko dutsen guga da ruwa ya taɓa, kada a ce bari a jona a ga ko yana aiki. Gwajin ne yake ƙona shi, wani lokaci har da mai gwadawar. Ku kuma 'yan mata masu tura waya cikin buhun shinkafa, kamfanin Apple da kansa ya ce a daina. Ki kashe ta, ki goge, ki ajiye inda iska ke bugawa.

Akwai wata dabara da na fi jin tsoro, saboda kama take da wayo. A cika kasko da garwashi a ajiye a tsakar ɗaki, a rufe ƙofa wai zafi ya shanye laima. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Ciwon kai take farawa da shi, sai jiri, sai barci mai nauyi, daga nan wasu ba sa farkawa. Haka janareta da ake shigo da shi ciki ko baranda don kada ruwa ya dake shi. Wajen wanke ɗaki ma, kada zafin nama ya sa ki haɗa Hypo da Harpic a bokiti ɗaya don ya fi ƙarfi. Haɗuwarsu hayaƙi ne mai ƙona ƙirji. Ɗaya ya isa, a tsarma shi da ruwa, taga a buɗe.

Ba kowane ruwa ne iri ɗaya ba, a nan ma muna tafka kuskure. Wanda ya ɗigo ta rufi ruwan sama ne, busarwa ta wadatar. Wanda ya shigo ta ƙofa kuwa, ki tuna inda ya biyo: kwata, bola, turken dabbobi, masai ɗin maƙwabta da ya cika ya tumbatsa. Duk abin da ya taɓa sai an wanke da sabulu da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Katifar da irin wannan ruwa ya ratsa har cikin sosonta, gaskiya ta tashi daga aiki, ko ta bushe a sama cikinta na nan da ƙazanta. Na san maganar da ciwo, na san kuɗin katifa. Amma a kanta za ki kwantar da jariri.

Rijiyar tsakar gida ma in ruwan ya shiga bakinta, kada a ce ai ta kwanta ta yi garau. Ta nan amai da gudawa suke shigowa gida. A tafasa ruwan sha ya yi ta ɓararraka na aƙalla minti ɗaya, har sai an yashe ta an zuba magani. Hatsi, gari ko gyaɗar da suka yi fumfuna kuma kada a sheƙe a dafa. Irin wannan fumfuna tana da dafi mai lahanta hanta, kuma wuta ba ta kashe shi.

Bari in ɗan tsaya a kan bango, don yawancinmu a gidan ƙasa muka tashi ko da an lulluɓe shi da siminti. Kakata takan ce katanga ba ta faɗuwa ba sallama. Tsagewa sabuwa, ƙofar da jiya take rufuwa yau ta ƙi, ƙasa tana zubowa daga tsakanin azara, gindin bango ya yi laushi kina dannawa yatsa na shiga, duk magana ce bangon yake yi. Kuma sau da yawa ba a cikin ruwan yake faɗuwa ba, sai an ɗauke, ya gama sha, kowa ya saki jiki ya kwanta. In kin ga haka, ki kwashe yara ku kwana a wani ɗakin ko a maƙwabta, ko da maigida zai ce kin cika tsoro.

Su mazan kuwa nasu kuskuren gaggawa ce. Washegari sai a kira birkila ya shafe wurin da siminti, ko a bi tabon da fenti. Bangon da bai bushe ba in aka rufe shi, ruwan ya rasa ta inda zai fita, sai ya ci ƙasar daga ciki. Wata rana ki ƙwanƙwasa ki ji holoƙo, simintin ya ɓaro ɗungurungum. Magabata da suke shafe soro da makuba da laso, duk shekara kafin ruwan farko sai sun hau sun sake yaɓe, sun share indararo. Mu kuma mun samu kwano mun manta da sama har sai ta ɗigo mana a fuska. Ku 'yan makaranta ga lissafi: rufin da ke da mita 10 a tsaye, 10 a kwance, in aka yi ruwa mai milimita 30, lita 3,000 ce ta sauka a kansa. Jarka 120 ke nan mai lita 25. In indararo ko kwata a toshe suke, ina kike so ya tafi?

Wani abu kuma, inda ruwa yake ɗiga ba lallai nan ne hujin yake ba. Yakan bi katako ya yi tafiya kafin ya sauko, don haka kafinta ya hau ya duba, ba ya liƙe saitin tabon kawai ba. Silin da ya yi ciki ya rankwafo kuwa ruwa ne a kwance a kansa. A kashe wuta, a kwashe kayan da ke ƙasa, a tara bokiti a huda shi kaɗan ya tsiyaye, kafin ya rufto wa mutum a ka. In gidan haya ne, ki ɗauki hoton komai a waya tun ranar, a sanar da mai gidan da wuri, don kar gobe a ce ku kuka lalata.

Takardun makaranta, na haihuwa da na asibiti, ki sa su a leda ki ɗora a saman sif tun yau. In sun riga sun jiƙe kada ki fizgi shafukan, kada ki sa musu dutsen guga, ki shimfiɗa su a inuwa. Hotunan biki kuwa a zare su daga albam tun suna da danshi, in suka bushe a manne sun tafi ke nan.

Ita ƙawata da ƙyar muka ceto atamfa shida da gadon. Kafet da sif sai almajirai muka kira suka fitar. Abin da ya ba ni mamaki, uwargidan da ake ɓoye wa ita ce ta ɗaura ɗamara ta taya mu wanki har la'asar, tana cewa, "Haba amarya, da kin yi magana tun ranar ai da igiyata ma na ba ki." Tarin ya lafa bayan ta koma kwana a falo. Babanta dai har yau ba a gaya masa ba, kuma Ummanta ta ce za su zo ganin ɗaki bayan sallah.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum.