Karatun nukiliya: a zaɓi jami'a don aiki, ba don tuta ba

Duk wanda ya yi wayo a Birnin Ƙwanni ya san ayarin manyan motocin nan da a da sukan gangaro daga Arlit, su biyo ta Agadas da Tawa, su hau babban titi a Tsarnawa, su ratsa garinmu su nufi Doso da Gaya, sai tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Gangunan da ke ciki uraniyom ne. An gano shi a Azelik a 1957, kamfanin SOMAIR ya soma haƙarsa a Arlit a 1971, COMINAK ta bi baya a Akuta a 1978 har aka rufe ta a 2021. Tsawon wannan lokaci mu ƙura muka sha, ilimin abin da ke cikin gangunan yana can inda ake sauke su. Da Najeriya ta katse mana wuta a watan Agusta na 2023, lokacin da kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinmu daga can yake zuwa, mai ƙanƙara da mai walda da tela duk sun gane cewa mallakar ma'adini daban, mallakar iliminsa daban.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata shawara da na halarta a zauren wani dattijo, bafataken albasa. Ɗansa ya gama lisans a fannin fizik, yana son ya yi masta a injiniyancin nukiliya, uban kuma a shirye yake ya sayar da fili. Kawun yaron, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya ce in ba Faransa ba to ba karatu ba ne. Wani matashi ya ce zamanin Faransa ya wuce, yanzu sai Rasha. Da yaron ya ambaci Zariya, sai aka fashe da dariya. Aka kai la'asar ana gardama, amma ba wanda ya tambaye shi me zai karanto, ko wane aiki ke jiran sa ranar da ya komo.

Jama'a, wannan ita ce cutarmu. Jami'a ta zama tuta, kowa na kaɗa ta ɓangaren da zuciyarsa take. Ni ma da Faransanci na yi karatu, na kuma daɗe ina ganin duk takardar da ba ta da hatimin can ba ta cika takarda ba. To, bari mu ajiye son rai mu duba kayan kamar yadda ɗan kasuwa ke kwance buhu kafin ya biya.

Faransa tana da makarantu na ƙwarai, irin su INSTN a Saclay da makarantar injiniyoyi ta Grenoble, kuma ɗanmu ba zai sha wahalar harshe ba. Sai dai an gina su ne don ƙasar da ke da tukwanen nukiliya fiye da 50, kuma masana'antunta sukan riƙe duk mai hazaƙar da suka horar. Ofishin jakadancinta a Yamai ma an rufe shi a Janairun 2024. Rasha tana da MEPhI a Mosko da jami'ar fasaha ta Tomsk mai tukunyar bincike tata ta kanta, kuma a Yulin 2025 ta sa hannu da Nijar a kan takardar fahimtar juna game da nukiliyar zaman lafiya. Amma ɗalibi zai fara kashe shekara guda a koyon harshe, sannan takardar fahimta ba tashar lantarki ba ce. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ga hujja. A duk Afirka tashar nukiliya ɗaya ce ke ba da wuta, wato Koeberg ta Afirka ta Kudu, tun 1984. Masar ta soma gina El Dabaa a 2022, tukwane 4, kowace megawat 1200. Tukunya ɗaya tak daga cikinsu ta fi abin da Nijar duka ke sha, alhali ƙa'idar masana ita ce kada injin guda ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin layukan ƙasa, don kada tsayawarsa ta jefa kowa cikin duhu. Tashar hasken rana ta Malbaza, da aka buɗe a 2018, megawat 7 ce. Wanda ya karanto tuƙin irin waccan tukunya a yau, ya dawo gobe, me zai tuƙa? Ko dai ya zauna a ofis yana juya takardu, ko ya koma inda ya fito, filin ubansa ya zama gudummawa ga masu ƙasar.

Shin ke nan a bar karatun? A'a, aiki na nan jingim, mu ne ba mu dube shi ba. Akwai tulin tarkacen haƙa a Arlit da Akokan da ke buƙatar masu auna tururin da yake fitarwa da masu kare lafiyar jama'a. Akwai sashen gashin ciwon daji da aka buɗe a Yamai a 2021, wanda ba ya aiki sai da masanin fizik na asibiti. Akwai ruwan ƙarƙashin ƙasa na kwarin Iullemeden, wanda garake da rijiyoyin Ƙwanni da Galmi da Illela ke zaune a kansa, kuma da dabarun nukiliya ake gane shekarunsa da ko yana sabuntuwa. Ga kuma SOMAIR da gwamnati ta mayar mallakar ƙasa a Yunin 2025. Mallaka ba ta tsaya ga sauya allon ƙofa ba, sai an sami ƴan ƙasa masu iya tafiyar da injin da ɗakin awo.

Ga irin wannan aiki, Zariyar da aka yi wa dariya tana da abin cewa. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da tukunyar bincike mai kilowat 30 da ke aiki tun 2004, kuma daga Ƙwanni tafiyar yini guda ce ta Illelar Najeriya da Sakkwato. Gana ma ta buɗe makarantar kimiyyar nukiliya a Kwabenya, kusa da Ankara, a 2006, da tukunya irin wannan. Maroko tana da tata mai megawat 2 a Ma'amora. Ban ce ba su da aibi ba: sai an koyi Ingilishi a Zariya da Ankara, yajin aikin malaman jami'o'in Najeriya na 2022 ya ci wata 8, kuma ƙaramar tukunya ba ta koyar da tafiyar da babbar tasha. Amma ɗalibin da ya taɓa na'ura da hannunsa ya fi wanda ya hango ta a bayan gilashi, kuma kuɗin da za a kashe wa ɗaya a Turai zai isa a karantar da da dama a maƙwabta.

Babban laifin ba na iyaye ba ne. Muna da hukumar makamashin nukiliya ta HANEA tun 2013, muna da cibiyar IRI a Jami'ar Abdu Mumuni. Haƙƙin gwamnati ne ta fito fili ta ce mutum nawa ƙasa ke buƙata, a wane fanni, zuwa wace shekara. A raba guraben karatu ta hanyar jarrabawa a bainar jama'a, a liƙa sunayen waɗanda suka ci, kuma duk wanda ya tafi da kuɗin talaka ya sa hannu zai dawo ya yi wa talaka aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku kuma alhazai da ma'aikata, kafin ku sayar da fili ko ku ci bashin albashi, ku yi wa ɗanku tambaya uku: makarantar na da tukunya ko ɗakin awon da za a bar shi ya shiga? Wane malami zai kula da bincikensa? Wane aiki ne a Nijar ke jiran wannan takarda? In ya amsa, ku sa masa albarka, ko Mosko ce, ko Saclay, ko Zariya. In ya kasa, ku riƙe filinku. Marigayi Abdu Mumuni ya yi karatu a Faransa da Tarayyar Sobiyet, amma ranar ƙasarsa ya dawo ya yi wa aiki, shi ya sa jami'armu ke ɗauke da sunansa. Allah ya ba mu irinsa.