Kyautar Igiya Ga 'Yan Ɗaukar Kaya A Dutsen Ƙanƙara

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni filin nan da ka saba ba ni, domin makon nan ina so in kai masu karatu ƙasar Nefal, wadda ke tsakanin Indiya da Sin, su ji labarin wata kyauta.

A iyakar ƙasar nan ta arewa akwai dutsen Ebarest, wanda ya fi kowane dutse tsawo a duniya, ƙafa 29,032. Ƙanƙarar da mu ka sani ita ce wadda ke faɗowa da ruwan sama, yara su tsinta kafin ta narke. A can kuwa tana kwance rani da damina, wani ɓallinta ya fi soro girma. Mutane su kan zo daga ƙasashe masu nisa, su biya kuɗi mai yawa domin su hau. Amma masu ɗaukar musu kaya, da masu shimfiɗa igiya, da masu kafa tsani a kan ramuka, 'yan ƙasa ne, yawancinsu daga wata kabila da a ke kira Sherfa. Ko ran 29 ga Mayu 1953, da aka fara taka ƙwanƙolin dutsen, Edmund Hillary tare ya ke da Basherfe, Tenzing Norgay. Tun kafin nan, a 1922, ƙanƙara ta zubo ta kashe 'yan ɗaukar kaya bakwai a cikin ayarin Ingilishi. Baƙo ya kan bi wurin haɗari sau kaɗan ya koma gida da suna, lebura kuwa ya yi ta kai da kawowa a wurin har aiki ya ƙare. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin mamaki, mutanen nan da aka haifa cikin duwatsu, ga ƙarfi ga jimiri, da yawansu ba wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu ƙullin igiya na ƙwarai, ko yadda a ke riƙe abokin tafiya in ya zame. Sai dai yaro ya bi babba, ya kwaikwayi abin da ya gani, da daidai da kuskure.

To, a shekarar 1999 wani Ba'amurke gwanin hawa, Alex Lowe, ya rasu a dutsen Shishapangma na ƙasar Tibet, ƙanƙara ta binne shi. Matarsa Jennifer da abokinsa Conrad Anker, wanda ya tsira a ranar, su ka kafa makaranta don tunawa da shi a 2003, aka fara karatu a 2004. Sunanta Khumbu Climbing Center, tana wani ƙauye mai suna Phortse, wanda bisansa ya fi ƙafa 12,000. A kan yi karatun da hunturu, lokacin da ba a hawan manyan duwatsu, kuma ruwan da ke gangarowa daga tsauni ya daskare ya tsaya kamar bango. Jikin bangon nan shi ne allonsu. A kan koya musu ƙulli, da riƙon igiya, da fid da wanda ya faɗa rami, da taimakon wanda ya ji rauni, har da Turanci domin su ji maganar baƙi. A 2019 aka buɗe ginin makarantar na kanta. Yanzu yawancin malamanta 'yan ƙasar ne, watau almajiran jiya.

Makaranta irin wannan ba ta yiwuwa sai da kaya, kayan kuwa tsada gare su. Akwai igiya, da ɗamarar da a ke ɗaura igiyar a jikinta, da hular kwano, da gatarin ƙanƙara, da wasu haƙoran ƙarfe da a ke ɗaurawa a ƙarƙashin takalmi, da ƙusa mai murɗi wadda a ke murzawa cikin ƙanƙara a rataya rai a kanta. Saboda haka kamfanoni da masu hawan dutse na ƙasashen waje su kan ba da irin kayan nan kyauta. Allah Ya saka musu.

Amma a nan ne na ke so mu tsaya mu yi tunani. Ni akawu ne, na taɓa riƙe littafin sito, na kuwa san takarda ba ta bambanta igiya mai kyau da ruɓaɓɓiya. In ka rubuta igiya goma, goma ce. Wata rana na ƙidaya igiyoyi na sa hannu, aka ba leburori, sai wani dattijo cikinsu ya murza ɗaya a tafinsa, ya nuna mini cikinta ya zama gari. Na ji kunya ƙwarai, domin ƙidayata daidai ce, amma da wani ya rataya a igiyar nan da ya mutu. Haka igiyar hawan dutse ta ke. Rana da gogayya da tsufa su kan ci ƙarfinta, har masu saƙa ta su kan ce a daina aiki da ita in ta kai kamar shekara 10, ko da ba a taɓa kwance ta ba. Wanda ya tattara abin da shi kansa ba ya yarda ya rataya a kai, ya aika wa talaka da sunan sadaka, shara ya kwashe daga ɗakinsa. Wanda kuma ya ba da sabon gatari ga mutumin da bai san riƙonsa ba, ya ƙara masa ƙarfin hali ne ya hau inda zai faɗo. Kyautar da ta cika ita ce kaya mai kyau a hannun wanda aka koya wa aiki da shi, aka kuma koya masa ya duba, ya ce wannan ya lalace, ba ni hawa da shi.

Kada kuma wani ya zaci karatu ya kashe haɗari. Ran 18 ga Afrilu 2014, shekara goma bayan buɗe makarantar, wani ɓallin ƙanƙara ya faɗo a mashigin Khumbu ya kashe ma'aikata 16 'yan Nefal a safiya ɗaya. Babu ƙullin da zai tare wannan. Sauran ma'aikata su ka ajiye aiki a shekarar, gwamnati kuma ta ƙara kuɗin inshorar da a ke biyan iyalin wanda ya mutu. Ashe igiya da karatu ba su ɗauke wa mai ba da aiki nauyin da ke kansa ba.

Jama'a, mu ba mu da dutsen ƙanƙara, amma muna da masu haƙa rijiya da masu hawan dogayen gine-gine. Duk wanda igiyar wani ta bi ta hannunsa, ko mai kyauta ne ko akawu, ya murza ta ya duba kafin ya miƙa. Rigakafi ya fi magani.

Haza wasalam.

Naku,
Akawu Mai Littafin Sito