Wa ke da kujerar sanata a Najeriya: mai zaɓe, jam'iyya ko wanda ke zaune a kai?

A ranar 25 ga Fabrairun 2023, masu zaɓe a jihar Kano sun raba kujerunsu uku na Majalisar Dattawa gida biyu. NNPP ta lashe Kano ta Tsakiya da Kano ta Kudu, APC kuma ta riƙe Kano ta Arewa. Shekara biyu bayan nan sai lissafin ya juye, APC ta koma da kujera biyu, NNPP ta rage da ɗaya, ba tare da an sake buɗe rumfar zaɓe ko guda ba.

Wannan sauyi ya farfaɗo da tsohuwar muhawara, yayin da ake tunkarar zaɓen 2027: idan sanata ya sauya sheƙa, da ƙuri'ar wa ya tafi?

Yadda Kano ta yi zaɓe

Takardar ƙuri'a a Najeriya ba ta ɗauke da sunan ɗan takara, alamar jam'iyya kawai ake dangwala wa. A 2023 guguwar Kwankwasiyya ta sa jama'a da dama sun dangwala wa kwandon kayan marmari daga sama har ƙasa, inda Rabi'u Musa Kwankwaso ya samu ƙuri'a kusan miliyan ɗaya a jihar a zaɓen shugaban ƙasa.

Babu inda ƙarfin alamar ya fito fili kamar Kano ta Tsakiya. Malam Ibrahim Shekarau ya bar NNPP zuwa PDP tun watan Agustan 2022, amma sunansa ya ci gaba da zama a kundin hukumar zaɓe ta INEC, har ta ayyana shi a matsayin wanda ya yi nasara. Sai a watan Maris na 2023 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Rufa'i Sani Hanga takarar. Ke nan jam'iyyar ta ci kujerar tun kafin a warware wanda zai hau ta.

A Kano ta Kudu, Kawu Sumaila na NNPP ya kayar da Kabiru Gaya, tsohon gwamna da ke majalisar tun 2007. A 2025 Kawu ya koma APC, yana mai kafa hujja da rikicin shugabanci da ya dabaibaye NNPP. A cikin shekarar ce kuma sanatocin Kebbi uku, Adamu Aliero da Yahaya Abdullahi da Garba Maidoki, suka fice daga PDP tare zuwa jam'iyya mai mulki.

Abin da doka ta ce

Sashe na 68 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi cewa ɗan majalisar da ya koma wata jam'iyya kafin cikar wa'adinsa ya rasa kujerarsa, sai dai idan jam'iyyarsa ta dare ko ta haɗe da wata. A 2015, a shari'ar ɗan majalisar wakilai Ifedayo Abegunde na jihar Ondo, Kotun Ƙoli ta fayyace cewa darewar da ake nufi ita ce wadda ta taɓa uwar jam'iyya ta ƙasa, ba rigimar reshen jiha ba.

Sai dai gizo ke saƙar a wurin aiwatarwa. Shugaban majalisa ne ke da hurumin bayyana cewa kujera ta zama babu kowa a kai, kuma galibi jam'iyyarsa ce ke karɓar baƙin. Shi kuwa rikicin cikin gida, da wuya a samu jam'iyyar adawa da ta rasa shi.

Masu sauya sheƙar na da tasu hujjar. Suna cewa mazaɓarsu ba za ta samu hanya ko asibiti ko guraben aiki ba muddin wakilinta na nesa da gwamnatin tarayya, suna nuni da irin matsayin da Barau Jibrin na Kano ta Arewa ya samu na mataimakin shugaban majalisa. Masu suka kuwa na ganin duk wanda ya gamsu cewa jama'arsa na tare da shi, ya kamata ya ajiye kujerar ya sake neman ta a sabuwar inuwa.

Me ya sa adadi ke da muhimmanci?

Majalisar Dattawa na da kujeru 109, uku ga kowace jiha da ɗaya ga Abuja. Kano mai ƙananan hukumomi 44 da Bayelsa mai takwas duk murya ɗaya suke da ita, domin a tsarin tarayya wannan zaure ne ke kare jihohi daga danniyar cibiya. Ita ke tantance ministoci da jakadu, kuma tare da Majalisar Wakilai take amincewa da kasafin kuɗi da dokar ta-ɓaci.

Lokacin da aka rantsar da majalisa ta 10 a watan Yunin 2023, APC na da sanatoci 59, PDP 36, LP takwas, ragowar shida kuma na NNPP da SDP da APGA da YPP. Kashi biyu bisa uku, wato 73, shi ne adadin da manyan matakai ke buƙata. Kowane sanata da ya tsallaka yana rage wa gwamnati buƙatar lallashin 'yan adawa.

An ga muhimmancin ƙidaya a watan Maris na 2025, sa'ad da majalisar ta amince da dokar ta-ɓacin da Shugaba Bola Tinubu ya ƙaƙaba wa jihar Ribas ta hanyar ƙuri'ar murya, abin da ya jawo suka cewa ba a auna kashi biyu bisa uku da kunne. A dambarwar dokokin haraji kuma, turjiya mafi ƙarfi ta fito ne daga gwamnonin Arewa da sanatoci irin su Ali Ndume na APC, alamar cewa adawa na komawa ta shiyya maimakon ta jam'iyya.

Wani salo a Riyadh

Hausawa mazauna Saudiyya, waɗanda kamar sauran 'yan Najeriya na ƙetare ba su da damar kaɗa ƙuri'a daga inda suke, suna rayuwa ne ƙarƙashin wani tsari dabam. Majalisar Shura da ke zama a Riyadh na da mambobi 150, kuma Sarki ne ke naɗa su na tsawon shekara huɗu. Ta fara aiki a 1993 da mutum 60 zamanin Sarki Fahd, sannan a 2013 Sarki Abdullah ya shigar da mata 30. Babu jam'iyyu, saboda haka babu sauya sheƙa. Majalisar na nazarin dokoki ta ba da shawara, hukunci na ƙarshe kuma na hannun Sarki.

Saudiyya ba ta taɓa cewa Shura kishiyar gwamnati ba ce. Najeriya kuwa ta kafa Majalisar Dattawa ne domin ta iya cewa a'a, kuma wannan iko na dogara ne ga samuwar sanatocin da makomarsu ke hannun masu zaɓe, ba hannun fadar shugaban ƙasa ba.

Gyaran sashe na 68 na buƙatar kashi biyu bisa uku na majalisun tarayya da amincewar majalisun jihohi 24, wato yardar waɗanda ke cin moriyar giɓin. Kafin nan, hukuncin ya rage ga masu zaɓe. Sakamakon Kano ta Kudu da mazaɓun Kebbi uku a 2027 zai nuna ko mutum suka bi a 2023, ko kuwa alama.