Sulken cikin waya da kuɗin albasa

A zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi a Wurno, inda ya rasu a 1837, mayaƙi ya san darajar sulkensa da lifidinsa domin yana jin nauyinsu a jiki. Yau a shagunan cajin waya na Magarya, Rabah da Goronyo, matasa ma suna hirar sulke, sai dai nasu yana cikin wasannin intanet, kuma lamba ce kawai.

Lambar tana da ƙa'ida. A Minecraft, kowane mataki na tsarin kariya da aka yi wa sulke yana rage kashi 4 cikin 100 na illar sara. Matakan huɗu ne, kayan jiki ma huɗu: kwalkwali, riga, wando da takalmi. Wanda ya cika su duka ya samu kashi 64, kuma komai ya ƙara ba zai wuce 80 ba. Wannan lissafi a fili yake, ba wanda aka rufe wa ido.

Matsalar tana wasannin da suka mai da ƙarfafa sulke gwajin sa'a. A tsohon tsarin Lineage II, wasan Koriya ta Kudu da ya fito a 2003, ana ɗaga kaya zuwa +3 lami lafiya. Daga nan kowane yunƙuri yana iya faɗuwa, idan ya faɗi kuma kayan ya farfashe. A ƙaddara damar nasara biyu cikin uku ce kowane karo. Yaro zai ga kamar abin arha ne, alhali damar ya haye sau biyar a jere kashi 13 ce kacal. Da kayan ya kusa tsallakewa ya fashe, sai ga tallar laƙanin da zai hana fashewa, da kuɗi na gaske. Wasannin waya da yawa sun ɗauki wannan salo.

Kuɗin kuwa daga wani wuri suke fitowa: ladan aikin fadama, ribar buhun albasa ko tafarnuwa, wani lokaci asusun uba da aka bar wa yaro lambar sirrinsa. Ga kuɗin data a kai.

Hana wasa gaba ɗaya ba zai yi aiki ba, kuma ba adalci ba ne. Yaron da ya iya bayanin me ya sa kariya ke tsayawa a kashi 80 ya riga ya fahimci darasin da ke ba ɗalibai wuya a aji. Abin da ya kamata a sa wa ido shi ne inda aka biya kuɗi aka jira sa'a, domin wannan ko malamin zaure ya san sunansa: caca.

China ta wajabta bayyana damar nasara a akwatunan sa'a tun 2017, Beljiyam ta ɗauke su caca a 2018. A Najeriya, Kotun Ƙoli ta yanke a Nuwamban 2024 cewa kula da caca hurumin jihohi ne. Ke nan Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato tana da ikon duba lamarin. Kafin ta yi, Google Play yana da wurin da ake sa ya nemi kalmar sirri kafin kowace sayayya, kuma mai shagon caji zai iya kunna wa uba shi cikin minti biyu.